Yaƙin da Halliru Ya Jira

A Illela, in hira ta zo kan wanda ya san yaƙi, Halliru ake nufi. Dillalin jakai ne, gajere mai faɗin ƙirji, da tabon kibiya a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. Duk wanda ya yi masa musu sai ya ɗaga riga ya nuna masa tabon, ko da musun a kan shekarun jaki ne. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Ɗan Baka, shi ma bai ƙi sunan ba.

Ba a cikin gari aka haife shi ba. A wata 'yar tunga aka haife shi, arewa da Illela, wadda ake kira Tungar Ƙirya saboda wata tsohuwar ƙirya da ke bakin rijiyarsu. Ya tashi a zamanin hari, lokacin da ake shuka gero ba a san wanda zai girbe shi ba. Tun bai yi gemu ba aka rataya masa kwari da baka. Abin da ya gada wurin ubansa kuwa, ban da gona da rijiyar nan, dabara ce guda ɗaya: in sarakuna biyu suna jayayya a kanka, kada ka tara gidanka a ƙarƙashin ɗaya. Raba ƙafa ake yi. Uban ya taɓa tura ƙanensa ya zauna a ƙasar abokan gaba, mutane suna ta yi masa dariya. Da aka zo aka ƙone tungar ƙurmus, gidan ƙanen nan ne ya ciyar da su har damina ta zagayo. Saboda haka Halliru bai ɗauki raba ƙafa a matsayin wayo ba, a wurinsa ita ce dalilin da ya sa yake raye.

Da girma ya fara zuwa ya rataye baka, ya koma Illela ya kama dillanci. Ya auri Ruƙayyatu, 'yar gidan masu saukar da fatake, mace mai ƙarancin magana wadda in ta faɗi abu sau ɗaya ba ta maimaitawa. Suka haifi ɗa namiji aka sa masa Maharazu, sai mata suka biyo baya. Da yake ɗan fari ne, daga uwar har uban babu mai kama sunansa. Kunya ce ta gado, kowa haka yake yi, amma ta Halliru ta wuce ta kowa. Ko ranar suna da liman ya raɗa, shi yana bayan gida wai yana duba kofaton jaki. Yaron ya tashi ya yi tsawo har ya kere uban, bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba. "Kai" ne in yana kusa, "wancan" in ba ya nan.

Sai Nasara suka zo. Ranar da aka ci Sakkwato Halliru yana kasuwa yana cinikin wata jaka mai ciki, kuma ba abin kunya ba ne, yawancin mutane haka labarin ya same su. Da fari an ɗauka Nasara duk abu ɗaya ne, ja ne, ba su salla, suna da bindigar da ba ta gajiya. A hankali aka gane iri biyu ne. Na kudu su ne Ingilishi, na arewa Faransa, kuma ba harshe ɗaya suke yi ba. Bayan 'yan shekaru sai ga wata tawaga, Turawan ɓangarorin biyu tare, da wani abin hange mai ƙafa uku. Suka yi ta leƙe-leƙe da aune-aune, suka sa aka tara duwatsu tuli-tuli a cikin daji, suka ce wannan ita ce iyaka. Tuli ɗaya ya faɗo tsakanin Illela da Tungar Ƙirya. Gida da kasuwa suka zama na Ingilishi, gona da rijiya da rumbuna suka zama na Faransa.

Halliru ya je ya zagaya tulin, ya dawo ya zauna a gindin gawon da dillalai ke zama, ya ce, "Yaƙi na tahe."

Aka tambaye shi ta ina ya gani. Ya ce ai ba a ɓoye yake ba. Sarakuna biyu, kowa da tuta, kowa da sojoji, kowa da ƙahon da ake busa masa da safe, sun zo sun tsaya suna kallon juna. Shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi haka an watse lafiya ba. Da kaka ta yi, in an kai amfanin gona rumbu, za a kara. Wanda ya ci shi zai haɗiye ƙasar duka, duwatsun nan kuwa yara za su kwashe su yi murhu da su.

A makon nan ya kira Maharazu, wanda a lokacin ya zama saurayi, ya yi masa magana yana kallon bango. Ya ce ya koma tunga ya zauna, ya riƙe gona da rijiya, ya biya wa Faransa abin da suke karɓa, ya bari su san fuskarsa. In Ingilishi suka ci, uban yana nan. In Faransa suka ci, ɗan yana can. "In anka gama yaƙin sai ka dawo gida," in ji shi. Yaron ya ce to. Uwar ta daka masa fura mai yawa, ta ɗaure masa tabarma.

Kaka ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Ba a harba ko tsinke ba.

To amma ba za a ce Halliru mahaukaci ba ne, don abin da yake gani yana nan. Abokinsa Na'Allah wanzami, wanda ke yawon aski a ƙauyukan ɓangarorin biyu, shi ke kawo labari gindin gawo. Yau ya ce Baturen arewa, wanda ake kira kwamanda, ya ba wani maigari riga don ya kwaso mutanensa daga ƙasar Ingilishi. Gobe ya ce na kudu ya aiko a gaya wa Buzaye masu gishiri in suka biyo ta wajensa ba za a matsa musu ba. Kowannensu yana jan ayari, yana jan garuruwa, yana tambayar bindigogin ɗan'uwansa. Shi kansa Na'Allah an taɓa tsare shi a can aka yi masa tambayoyi, ya dawo nan aka yi masa irinsu sak.

"Kun ji ko?" in ji Halliru. "Leƙen asiri ke nan. Haka aka soma kowane yaƙi."

Wata rana kuma Na'Allah ya zo yana ƙunshe dariya. Ya ce da idonsa ya ga kwamanda da Baturen kudu a inuwar laima ɗaya, suna cin zabbin da suka harbo tare, har ɗaya yana bubbuga kafaɗar ɗaya. "Ɗan Baka, ƙaƙa ke nan? Haka kuka yi da waɗanda sunka yi maka wanga tabo?"

Aka fashe da dariya. Halliru ya ɗaga riga, ya nuna tabon, ya ce yaudara ce, kuma wanda bai taɓa jin ƙarar kibiya a kunnensa ba ya yi wa mutane shiru.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ranar da gardawan Faransa, wato dogaransu, suka biyo wani ɓarawon raƙumi. Suna kan dawakai, shi yana ƙasa, saura ƙiris su cafke shi sai ya tsallake tulin duwatsu. Suka ja linzami cak. Ɓarawon ya juyo ya tsaya yana maida numfashi, suna kallonsa yana kallonsu, ba ganuwa, ba rami, ba ko ƙaya a tsakaninsu. Daga baya suka juya. Halliru ya daɗe yana tauna wannan labari, a ƙarshe ya yanke cewa tsoron juna suke yi, kuma mai tsoro shi ke fara kai hari.

Ruƙayyatu ce ta kawo wata kalmar dabam. Tana tankaɗe a tsakar gida, shi yana ta bayani a kan kaka mai zuwa, sai ta ce, "Maigida, wanga ba yaƙi ba na. Gaba ta."

Ya dube ta kamar ta zage shi. Gaba? Gaba ai ta maƙwabta ce, ta mutanen da suka saɓa a kan katanga ko akuya. Sarakuna ba sa gaba, yaƙi suke yi. Ban da haka ma, masu gaba ba sa gaisawa, balle su ci zabo tare.

Ta ce akwai gabar da ake yi da haƙora a waje. A gidansu ta gani. Ubanta da wani mai masaukin fatake sun yi ta tun tana yarinya. Ranar salla su gaisa, ranar suna su ci goron juna, amma kowa yana tare hanya yana janye baƙin ɗan'uwansa, kowa yana bibiyar abin da ake dafawa a gidan ɗayan. Babu wanda ya taɓa ɗaga wa wani hannu, kuma ba su daina ba sai da aka binne su. "Yaƙi shina ƙarewa," in ji ta. "Gaba ba ta da ranar ƙarewa. A kira yaron nan shi dawo."

Sau ɗaya ta faɗa, kamar yadda ta saba. Shi kuwa ya kwashe maganar ya kai gindin gawo don a taya shi dariya. Wasu suka taya shi, wasu suka ce anya ba ta da gaskiya? Daga ranar aka sami abin musu a Illela. In ciniki ya yi sanyi sai wani ya ce, "To, yaƙi na ko gaba ta?" a raba gari biyu, a yi ta yi har la'asar. Ga kowa abin hira ne. Mutum ɗaya ne kawai yake zaune a tunga saboda amsar.

Maharazu ya yi aure a can, ya gyara rijiya, ya ƙara rumbu. Duk ranar kasuwa yakan zo, ya durƙusa daga nesa ya gaida uban, ya shiga ciki wajen uwar ta ba shi abinci tana kallon wani wuri. Zaman arewa kuwa sai ƙara tsanani yake yi. Aikin tilas ya yi yawa, yau gyaran hanya, gobe ɗaukar kaya, ga harajinsu da suke kira lanho. Mutane suka fara tsallakowa. Sai ka hangi jinkar ɗaki tana tafiya a cikin gona da ƙafafun mutane a ƙarƙashinta, mata da awaki suna biye. Tungar Ƙirya ta rage gidaje kaɗan.

Ran nan Maharazu ya daure, bayan gaisuwa bai tashi ba. Ya ce, "Baba, mutane duk sun watse. Ko in ɗauko iyali mu dawo? Gonar ana iya nomanta daga nan."

Halliru yana buɗe bakin wani jaki yana duba haƙora. Bai juyo ba. Ya ce, "In kowa ya gudo, wa za su sani ranar da sunka ci ƙasar? A bari sai kaka."

Yana son ɗan, wannan ba a musu. In Maharazu ya juya zai tafi, yakan bi bayansa da kallo har ya ɓace a cikin karan dawa, ranar kuma ba mai jin daɗin ciniki da shi. Amma taurin kai ne da shi na bala'i, kuma mutumin da gari ya sani da sanin yaƙi, da wane baki zai ce matarsa ta fi shi gani?

Sai aka yi shekarar yunwa. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, mutane suka koma tonon gidan tururuwa. Rumbunan tunga ne suka tsayar da gidan Halliru. Maharazu ya yi ta satar hanya ta cikin fadama yana kawo musu gero dami-dami a kan jaki, duk da an hana fitar da hatsi daga ƙasar Faransa. Ba wanda ya mutu a gidan. Wannan ya ƙara wa Halliru taurin kai. Ya ce to, ina masu cewa a dawo da shi? Ga amfanin raba ƙafa nan a cikin tukunya. Daga nan ko Na'Allah bai ƙara tsokanarsa ba.

Damina ta gaba ba ta ƙare ba labari ya iso: an fara yaƙin Nasara. Wallahi Halliru daɗi ya ji, ba a ɓoye ba. Ya shiga ɗaki ya sauko da bakan nan da ya daɗe a rataye, ya shafe shi da man shanu, ya sake masa tsirkiya. Ba wai zai je ko'ina ba ne, hannunsa ne kawai ya ƙi zama. Ya fito kasuwa yana tafiya kamar ango, yana cewa kowa ya tara ruwa da hatsi, kafin wata ya mutu za a ji bindiga ta wajen tulin duwatsu.

Na'Allah ya ja shi gefe. Wannan karon ba ya dariya. "Ɗan Baka, ba da juna suka yi ba. Su biyun waje guda suke. Wasu Nasaran na daban sunka taso musu, Jamus aka ce musu."

Halliru ya ce ƙarya ne. Ina aka taɓa yin haka? Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna ƙwace wa juna garuruwa? Ya ce a jira a gani.

Aka jira. Abin da aka gani shi ne gardawa suna bin ƙauyukan arewa suna neman samarin da za a kai soja, kowane maigari an ɗora masa ya kawo nasa. A manyan garuruwa masu hali suka ɓoye 'ya'yansu aka tura na marasa gata. A Tungar Ƙirya babu wani zaɓi, don mazan da suka rage tsofaffi ne, sai mutum ɗaya dogo mai lafiya wanda gardawa suka san fuskarsa sarai, tun da shi ne bai taɓa makara da lanho ba. Da hantsi matar Maharazu ta shigo Illela da goyo a bayanta, ƙafafunta duk ƙaya, ta zube a tsakar gida ta faɗi abin da ya faru.

Ko a lokacin Halliru bai saki lissafinsa ba. Ya sa babbar riga ya tafi wurin wakilin hakimi, ya ce a kai wa Baturen Ingilishi magana: abokan gabarsa sun kama ɗan talakansa, ga dama ta samu. Wakilin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa a hankali, "Baba, wane abokan gaba? Umarnin da munka samu shi na, wanda duk ya gudo daga can don kada a ɗauke shi soja, a maishe shi. Da dai tun bara ya dawo, da yanzu namu na, ba mai taɓa shi."

Washegari ya hau jaki ya nufi arewa. Ya wuce tulin duwatsun, wanda ciyawa ta fara rufewa, ya isa barikin Faransa rana tana tsaka. A bakin ƙofa akwai iyaye da yawa a zaune, an tara samari a wani fili a ciki, an aske musu kai. Wani tafinta mai jar hula yana bin masu jira ɗaya bayan ɗaya. Ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya zo kan Halliru ya ce, "Tsoho, wa kake nema?"

"Ɗana."

"Kowa nan ɗan wani na. Mi sunanshi?"

Halliru ya ce dogo ne, daga Tungar Ƙirya, yana da 'yar wushirya. Tafinta ya ce dogaye sun yi yawa, a ba shi suna ya kira. Halliru ya waiwaya ko akwai wanda ya san su a cikin jama'a ya faɗa a madadinsa. Babu kowa. Ya buɗe baki, ya rufe. Tafinta ya fara matsawa wajen na gaba.

"Maharazu," in ji shi. Muryar ta fito kamar ba tasa ba.

Tafinta ya juya ya ƙwala kiran sunan a cikin fili, ya sake ƙwalawa. Kawuna suka ɗago, ba wanda ya tashi. Wani gardi da ke jingine da bango ya ce ai na Tungar Ƙirya yana cikin waɗanda aka yi yamma da su tun jiya.

Halliru ya rayu shekaru da yawa bayan wannan. Yaƙin Jamus ya ƙare, wasu suka dawo da tari, wasu da hannu ɗaya, wasu da 'yan kalmomin Faransanci. Maharazu bai dawo ba, kuma ba a sami wanda zai ce ga inda ya faɗi ba. Ingilishi da Faransa suka koma halinsu na da, wannan ya ja ayari, wancan ya ja gari, in sun haɗu su ci zabbi. Tulin duwatsu yana nan, har aka zo aka ƙara masa siminti. Ruƙayyatu ta raini jikarta da aka zo da ita a goye, ba ta taɓa ce wa mijin na gaya maka ba. Bakan kuwa ba a san inda ya yi da shi ba.

Bai bar dillanci ba, sai dai ya canza wurin zama. Ya bar gindin gawo ya koma bakin hanyar arewa, inda fatake ke fara sauke kaya. Ya daina ɗaga riga. Duk baƙon da ya sauka, kafin a yi maganar jaki, sai ya tambaye shi, kuma sunan da ya shekara talatin yana kauce masa yanzu yakan faɗe shi sau da yawa a yini har yaran kasuwa suka haddace.

Wata ranar kasuwa wani malamin haraji, saurayi ɗan Sakkwato da ya ji labarin tsohon musun nan, ya tsaya wurinsa don nishaɗi. Ya ce, "Baba, an ce kai ka san yaƙi. Tsakanin Turawan nan biyu, yaƙi na ko gaba ta?"

Halliru ya dube shi da idanun da suka fara yin hazo. Ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Kai da kake yawon ƙauyuka, ko ka taɓa jin labarin wani dogo mai wushirya? Maharazu sunanshi."